Magina uku sun kawo farashi uku, wa za mu ba aikin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin wata makarantar Islamiyya a Kano. Iyayen yara da masu hali na unguwa sun tara mana kuɗi don gina bene mai hawa ɗaya, ajujuwa huɗu a ƙasa, huɗu a sama. Mun kai magina uku filin, mun yi musu bayani, kowa ya kawo farashinsa, sai ga na ɗaya bai wuce rabin na ɗayan ba. Kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa a ba mai sauƙi, wasu na cewa akwai lauje cikin naɗi. Yaya masu sana'ar suke tsara irin wannan aiki da ba da kwangilarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam sakatare, Allah ya ba ku ladan wannan hidima. Shawarata ta farko ita ce kada ku ba ko ɗaya daga cikin ukun nan aikin a yanzu, da mai sauƙin, da mai tsadar, da na tsakiyar. Ban ce akwai macuci a cikinsu ba. Abin da ya faru shi ne kun yi musu bayani da baki, kowa ya koma gida ya gina makarantar a cikin kansa, ya yi mata kuɗi. Gine-gine uku daban-daban aka kawo muku farashinsu. Wani ya lissafa harsashi mai zurfi da ginshiƙai masu rodi 16, wato mai kaurin milimita 16, wani rodi 12 ya sa a ransa. Wani ya haɗa da wayarin, banɗaki da sokawe, wani kuwa a wurinsa da an buga kwano aiki ya ƙare. Abin da ba iri ɗaya ba ai ba a gwada farashinsa.

Ni sana'ata ƙididdigar gini ce, wato mu ne masu auna zane mu fitar da abin da gini zai ci. A tsarin da muke bi, ɗan kwangila yana cikin na ƙarshen da ake kira, ku kuwa da shi kuka fara. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana, kuma a sana'armu wannan magana a zahirinta take.

Abu na farko aikinku ne ku 'yan kwamiti, ba ya kuma cin ko kwabo. Ku zauna ku rubuta buƙatarku a takarda: yara nawa a kowane aji, maza da mata a haɗe ko a rabe, ofishin shugaban makaranta, ɗakin malamai, banɗaki nawa, wurin alwala, ruwan famfo ko rijiyar burtsatse, kuma nawa ne a hannu yau. Sannan tambayar da aka fi mantawa da ita: nan gaba kuna da niyyar ƙara wani hawa? In akwai niyyar, yanzu ake faɗa, domin harsashin da aka yi wa hawa ɗaya ba ya ɗaukar biyu don kawai kuɗi ya samu daga baya. An taɓa kira na in duba wani gini da aka ɗora wa bene a kan harsashin gidan ƙasa. Bango ya tsage tun daga linta har ƙasa, kuma kuɗin ceto shi ya kusa na sabon gini.

Daga nan sai fili. Ku tabbatar takardunsa da sunan makarantar suke, ba da sunan wanda ya ba da shi waƙafi ba, don gudun rigimar magada wata rana. Safiyo ya zo ya auna, ya kafa iyaka, ya nuna tudu da gangare da hanyar da ruwan sama ke bi. Sai gwajin ƙasa, wanda mutanenmu suke ganin ɓarnar kuɗi ne. A Kano musamman ina nanata shi, domin filaye da yawa tsofaffin kududdufai ne da aka cike da shara da ɓaraguzai. Sama ta yi tauri kamar dutse, ƙasa kuwa taɓo ne. A wasu sassan Borno, Gombe da wajen Numan kuma akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Sakamakon gwajin nan shi ke gaya wa injiniya irin harsashin da zai zana da zurfinsa. In babu shi, kintace kawai zai yi.

Yanzu sai zane, kuma mutum biyu ne aƙalla, ba ɗaya ba. Akitek shi ke tsara ɗakuna, da fuskar gini, da shigar iska da haske. A ƙasarmu mai zafi, gwanin akitek zai shimfiɗa ginin ta yadda tagogi za su kalli kudu da arewa, ranar hantsi da ta yamma su bugi gajerun bangwaye, ya sa baranda mai inuwa, ya sa taga a ɓangare biyu na aji don iska ta ratsa. Zai kula kada masai ya fuskanci alƙibla. A makaranta kuma ina so ku tsaya kai da fata a kan matattakala biyu masu faɗi, da ƙofofin da ake turawa waje, da dogarin baranda mai tsayin da yaro ba zai tsallake ba. Ranar da yara ɗari biyu suka firgita suka yo ƙasa a guje, matattakala ɗaya ƴar siririya ita ce ajali.

Na biyun shi ne injiniyan ƙarfin gini. Shi zai karɓi zanen akitek da sakamakon gwajin ƙasa, ya lissafa nauyi, ya rubuta girman kowane ginshiƙi, kaurin dakin (wato shimfiɗar kankaren da ke raba ƙasa da bene), rodi nawa, mai kauri nawa, tazarar da ke tsakaninsu, da ƙarfin kankaren da za a zuba. Sannan a samu zanen wuta da na ruwa. A zamanin ginin ƙasa, gwani ɗaya ke riƙe duk wannan a kansa. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 shi ne mai tsarawa, shi ne mai ginawa, kuma aikin tubali da azara a fili yake, duk magini mai ido yana ganin kuskure. Kankare ba haka yake ba. Da zarar an zuba, abin da ke ciki ya ɓuya ke nan. Shi ya sa aka raba aikin, mai zane daban, mai gini daban, mai duba daban, kowa da sa hannunsa.

Kowane ɗayan waɗannan ma'aikata yana da hukumar da ke yi masa rajista a Najeriya: ARCON ta akitek, COREN ta injiniyoyi, QSRBN tamu ta masu ƙididdiga, CORBON ta ƙwararrun magina. Kada ku ji nauyin tambayar lambar rajista, ku kuma ga hatimi a kan zanen. Wanda ya iya zana gida a kwamfuta ba lallai ne akitek ba. In a cikin tsofaffin ɗaliban makarantar akwai masu wannan sana'a da za su yi don Allah, madalla, amma su sa hannu da hatimi kamar an biya su. Da zanen ya kammala sai ku kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, neman izinin gini, kada a haƙa rami kafin ya fito.

To, yanzu mun iso inda amsar tambayarka take, wato takardar ƙididdiga, wadda a wurin aiki kowa ke kira BOQ. Mai ƙididdiga zai ɗauki zanen ya farfasa ginin gaba ɗaya zuwa layi-layi, tun daga sharar fili har fentin ƙarshe. Kowane layi yana faɗin abu uku: wane aiki ne da irin kayansa, yawansa a ma'auni, sai gurbin farashi. Misali, layi zai ce haƙar harsashi, kubik mita kaza. Wani ya ce bangon bulo mai inci 9, murabba'in mita kaza. Wani ya ce rodi 12 a cikin dakin, kilo kaza. Ba a rubuta "taga mai kyau". Ana rubuta faɗinta, tsawonta, ƙarfe ce ko alminiyam, da kaurin gilashinta. Haka kwano, sai an faɗi kaurinsa, domin kwano biyu suna kama a ido, ɗaya ya yi shekaru, ɗaya iskar farkon damina ta naɗe shi.

Waɗannan alƙaluma ba sihiri ba ne, ku ma kuna iya bin sawunsu. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan 10. Kubik mita ɗaya na kankare mai haɗin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhun siminti shida da ɗoriya, kowane buhu kilo 50. Rodi 12 mai tsawon mita 12, in cikakke ne, guda 93 zuwa 94 ke yin tan ɗaya. In aka kawo muku tan ya haura haka sosai, to an rage masa kauri. Riƙe waɗannan ukun kaɗai ya isa ɗan kwamiti ya gane inda aka yi masa wayo.

Takardar nan kashi biyu ake yi. Ɗaya mai ƙididdiga zai cike ta da farashin kasuwa na yau, ya ƙara wani abu, yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, saboda abin da ka iya tasowa. Wannan sirrinku ce, mutum biyu ko uku kawai za su gani, domin in ta fita duk ƴan takara a gefenta za su tsaya. Ita ce ke gaya muku tun kafin a fara ko kuɗinku zai kai. In bai kai ba, yanzu ne lokacin gyara: a yi harsashin bene cikakke, a gama ƙasa, a zuba dakin, yara su shiga, sama ta jira. Ya fi a fara duka a tsaya a linta. Kashi na biyu kuwa babu farashi a cikinsa, shi ake ba masu neman aikin su cike. Ka ga yanzu kowa gini ɗaya yake yi wa kuɗi.

Malamanmu ma sun san wannan. A fiƙihu, yarjejeniyar sa mai sana'a ya ƙera abu ana kiranta istisna'i, kuma sharaɗinta a bayyana nau'in abin, da siffarsa, da yawansa, har jahilci ya kau. Zane da takardar ƙididdiga wannan sharaɗin suke cikawa.

Takarar kanta iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, a yi talla duk mai so ya shigo. Akwai kuma ta zaɓaɓɓu, a tantance mutum huɗu ko biyar a gayyace su. Ga aiki irin naku ta biyun ta fi. Tantancewar kuwa da ƙafa ake yin ta. Ku ce kowa ya nuna benen da ya taɓa ginawa, ku je ku gani, kuma ku fi son wanda ya sha damina uku ko huɗu, domin sabon fenti yana rufe komai. Ku keɓe da mai ginin ku tambaye shi: an gama a kan lokaci? An dawo neman ƙari? Ku duba rajistar kamfani ta CAC, ku san wane ƙwararre ne zai riƙa kwana da tashi a wurin aikin. In ɗan kwamiti yana da ɗan'uwa ko suruki a cikin masu nema, ya faɗa tun farko, ya kuma fita daga zaman zaɓe. Wannan ba zargi ba ne, kare mutuncinsa ne.

Sai a ba su takardu iri ɗaya a rana ɗaya: zane, takardar ƙididdiga marar farashi, da sharuɗɗan yarjejeniya. A kai su fili tare. A ba su mako biyu ko uku. Duk wanda ya yi tambaya, a rubuta amsar a aika wa kowa, kada wani ya san abin da ɗan'uwansa bai sani ba. Kowa ya kawo nasa cikin ambulan a manne, kafin ranar da sa'ar da aka yanka, wanda ya makara ko da minti goma ne a mayar masa da abinsa. A buɗe nan take a gaban su duka da wakilan iyayen yara, a karanta suna da jimilla da ƙarfi, a rubuta, kowa ya sa hannu. Ranar ba a zaɓen kowa.

Zaɓe sai mai ƙididdiga ya zauna da takardun. Zai fara da duba lissafi, don kuskuren tarawa ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Sannan ya jera farashin layi-layi kusa da juna, kusa da naku na sirri. A nan gaskiya ke fitowa. In wani ya sa wa kubik mita na kankare kuɗin da ko siminti shida ba zai saya ba, balle yashi, tsakuwa da lebura, to ɗayan biyu ne: ko ya rage siminti, ko ya kai aiki tsakiya ya dawo yana kuka. Wani kuma jimillarsa daidai take, amma ya cusa riba duka a harsashi ya bar rufi da fenti a araha, don ya kwashi kuɗi da wuri, in ya gudu bai yi asara ba. Da jimilla kaɗai ba za ku taɓa ganin wannan ba. Wanda ake nema shi ne mafi sauƙi a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa kuma farashinsu zai iya yin aikin. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce.

Gwamnati ma a takarda haka take yi, sai dai nata ya fi tsauri. Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya, wadda marigayi Umaru Musa Ƴar'aduwa ya sa wa hannu a watan Yunin 2007, ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, bayan ofishin bin ƙa'ida da aka buɗe a zamanin Obasanjo. Dokar ta sa takarar kowa da kowa ta zama asali, a yi talla a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a buɗe takardu a bainar jama'a, da masu sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Mai nema yana kawo shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumomin fansho (PENCOM), horar da ma'aikata (ITF) da inshorar ma'aikata (NSITF). A manyan ayyuka yana ajiye jinginar banki da ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na farashinsa ba, don kada ya ci takara ya noƙe, in ya ci kuma ya kawo lamunin cika aiki na aƙalla kashi 10. Daddatsa kwangila don kauce wa takara laifi ne mai ɗauri. Kano, Kaduna da Jigawa suna da nasu ofisoshin. Na sani, kowa ma ya sani, ana zagaye wannan doka, ana shirya kamfanoni uku na mutum ɗaya su yi takara da juna. Wannan laifin masu aiwatarwa ne. Tsarin kansa mai kyau ne, kuma ko da yake dokar ba ta hau kan kwamitinku ba, ku ari abin da ya dace da ku.

Bayan zaɓe sai yarjejeniya a rubuce, lauya ya duba, shaidu su sa hannu, a liƙa mata zane da takardar ƙididdigar da ɗan kwangilar ya cike. Kafin alƙalami kada ya yi yawa. Dokar 2007 kashi 15 cikin ɗari na kuɗin aikin ta yarda da shi, aka ɗaga zuwa 30 a gyaran 2020, shi ma sai da lamunin banki ko na inshora. Ku da kuke riƙe da kuɗin sadaka, ni dai ba zan so ku wuce na farkon ba. Sauran biya kuwa bayan aiki yake zuwa: an gama harsashi, an auna, an biya, an kai linta, an auna, an biya. A kowane biya a riƙe kashi 5, a saki rabinsa ranar karɓar makulli, sauran bayan wata shida, kuma ku yi ƙoƙari wa'adin ya ratsa damina, domin ruwa ne ke tona asirin rufi.

Abu biyu ke kashe irin wannan yarjejeniya. Na farko canji da baki. Shugaban kwamiti ya zo wucewa ya ce a ƙara taga nan, a matsar da bango can, ranar lissafi a yi ta musu. Ku rubuta cewa mutum ɗaya ne ke ba da umarni, a takarda, bayan an san kuɗin canjin. Na biyu tashin farashi. Mun ga yadda buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, ayyuka suka tsaya cak. Ku yanke tun yanzu: farashin a kulle yake, ko za a duba tashin siminti da rodi? In za a duba, a rubuta farashinsu na ranar sa hannu, a biya bambancin kawai bisa rasit. A kuma rubuta ranar gamawa da abin da za a cire a kowane mako na jinkirin da ba shi da uzuri.

Wasu kwamitoci sukan zaɓi su sayi kaya da kansu su ba da jingar aikin hannu kawai. Yana rage kuɗi, amma fa sai kuna da amintaccen mai kula da sito da littafin shiga da fita, kuma nauyin ingancin kaya ya dawo wuyanku. A haka ma takardar ƙididdiga ce za ta gaya muku buhu nawa ya kamata ya shiga kowane mataki.

Ko wace hanya kuka bi, injiniyan da ya yi zane ya riƙa zuwa duba aiki, kuma ku ne za ku biya shi, ba ɗan kwangila ba. A sa a yarjejeniya cewa ba a zuba kankaren harsashi, ginshiƙi ko dakin sai ya ga ɗaurin rodi ya sa hannu. A ɗebi samfurin kankaren a kai gwaji, cikakken ƙarfinsa a kwana 28 ake auna shi. A yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, musamman da hunturu da bazara, kada kuma a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da dakin don kafinta na son kai shi wani aiki. Ina matsawa a kan wannan ne saboda ranar 12 ga Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu. Ƴaƴan mutane ne za su zauna a ƙarƙashin dakin ɗin nan naku, wasu kuma a kansa.

Maginan nan uku kuwa kada ku watsar da su. Ku kira su, ku gode musu, ku gaya musu za a yi zane da ƙididdiga, duk wanda ya taɓa gina bene a cikinsu za a gayyace shi takara tare da wasu. Wanda bai taɓa ba, yana iya samun jingar katanga ko banɗakuna. A wannan makon dai ku rubuta buƙatunku, ku nemo takardun fili, ku kira safiyo. In sakamakon gwajin ƙasa ya fito kuna da tambaya a kansa, ku sake rubuto mini.